Shekarar da Kofur Ya Ƙi Sayar da Babur

Ruwan bana ya sauka da wuri. Ana cikin kukan zafi sai ga hadari ya taso daga gabas, ya zuba kamar da bakin ƙwarya, har kwatar ƙofar gidan da muke raɓe a nan Batsari ta cika ta tumbatsa. Da gari ya waye ƙasa ta yi luɓus, tana wannan ƙamshi da ke hana manomi zama. Ɗana Sani ya fito tsakar gida, ya duƙa ya damƙi ƙasa, ya murza, ya watsar.

"Inna, ruwan shuka ne wannan," in ji shi.

Na ce, "Na gani."

Gonarmu tana can yamma da Ruma, a bakin daji, kuma mun daɗe rabonmu da ita. Wani maƙwabcinmu da ya yi ƙarfin hali ya je tasa bara, gawarsa aka kawo. Ga ruwa, ba halin shuka. Shi ne ya tuno mini wata shekara can baya, lokacin da gona ke hannunmu, muna zuwa muna dawowa lafiya, amma sama ta ƙi. Ba kuwa na iya tuna shekarar nan ban tuna mahaifin Sani ba.

Sunansa bai taɓa fita daga bakina ba yana da rai, ba kuma zan fara yau ba. Kofur kowa ke ce masa, daga Ruma har Safana, don tsohon soja ne. Ya yi yaƙi a kudu tun yana saurayi, kuma aikinsa a can shi ne kai saƙo a kan babur daga wannan sansani zuwa wancan. Da ya ajiye kaki ya dawo ƙauyenmu da tabon harsashi a cinya, yana ɗan ɗingishi, a kan wani jan babur da ya saya da kuɗin sallamarsa. Bayan dawowarsa aka yi aurenmu.

Zancen yaƙi ba ya yi. In samari suka matsa masa sai ya ce, "An yi, an gama, Allah kada ya maimaita." Amma ka taɓo masa zancen babur, kai za ka gaji ka tashi. Kullum in ya dawo masallaci da safe sai ya turo shi daga zaure, ya wanke, ya goge, ya buga shi ya tashi, ya karkata kai yana sauraron injin kamar mai sauraron numfashin jariri. Da yamma ya ɗora yara a kan tanki ya zagaya da su gindin kukar ƙofar gari, suna ihu. A lokacin babur ɗinsa kaɗai ne a ƙauyen.

Soja ta koya masa abubuwan da mazan ƙauyenmu ke ganin ba na namiji ba ne. Shi ke wanke kayansa. Yana yanke wa yara farce da reza, yana saɓa jariri a kafaɗa ya yi ta kewaya tsakar gida in ina tuƙin tuwo. Wansa, Yaya Bawa, wanda gidansa ke jingine da namu, yakan ce, "Wanga ƙanen nawa bariki ta ɓata shi." Kofur sai dariya.

A shekarar da nake faɗa muna da 'yar fari, da Sani yana ƙarami, sai Bintu tana goye. Kakar da ta wuce ba ta yi albarka ba, saboda haka tun kafin bazara ta yi nisa hannu ya fara taɓa ƙasan rumbu. Sai azumi ya kama a tsakiyar zafin. Zafi ne irin wanda kaji ke buɗe baki su kwanta a gindin randa. Da hantsi ya ɗaga ba ka iya taka ƙasa ba takalmi, iska in ta buso kamar daga bakin murhu. Maza suka yi binne, suka zuba iri a busasshiyar ƙasa suna jiran sama. Ruwa ya yi sau ɗaya, gero ya tsiro kore shar, kowa ya yi hamdala. Daga nan sama ta washe fes kamar an share ta. Muna kallo yabanya ta naɗe, ta yi ja, ta kwanta. Aka sake shuka, ta sake ƙonewa. Aka fita roƙon ruwa bayan gari, manya da yara, ana kuka. Ran nan hadari ya haɗu baƙi ƙirin har mun fara fitar da tukwane, sai iska ta taso ta kwashe shi ta yi arewa da shi.

Rijiyar gari ta ja baya. Aka ƙara igiya, aka sake ƙarawa, guga na fitowa da rabin laka. Mu mata mukan jera tuluna tun da asuba, in rabonka ya zo ka kawo gida ka bar shi ya kwanta kafin a sha. Ruwan da aka wanke hatsi shi ake ba akuya, wanda aka yi alwala da shi a tara a zuba wa zogale. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, sannan ya koma kunu, sannan muka fara haɗawa da dusa. Muna shiga jeji mu tsinko yaɗiya da ɗinkin mu yi kwaɗo, ba ƙuli-ƙuli, gishiri ma da ƙyar. Yara na gwaguyar goruba har dasashinsu ya yi jini. In aka kira magariba ka kai kunu baki, sai ka ji shi ya faɗa ciki kamar dutse a rijiyar da ba ruwa.

Kofur ya daina wanke babur da ruwa, amma bai daina goge shi da tsumma ba. Wannan gugar ce ta fara ɓata wa mutane rai.

Wata rana bayan la'asar Yaya Bawa ya shigo zaure ya same shi. Ina jin su ta bayan zana.

"Kofur, magana na zo mu yi. Wani ɗan kasuwa a Batsari ya yi mini zancen ƙarfen nan naka. Hatsi zai ba da, wanda zai riƙe gidana da naka har ruwa ya zauna."

"In ruwan bai zauna ba fa, Yaya?"

"Kai ka san gaibu ne?"

"Ban sani ba, shi ya sa. In na ba da shi muka cinye, mun zama ba hatsi, ba ƙafa. Akwai hatsi wajen Funtuwa, su sun samu damina bara. Mota ce ba ta shigo mana. Wannan shi ne motarmu."

"Son abin ne dai ya rufe maka ido. 'Ya'yanka na cin dusa, kai kana shafar ƙarfe."

Yaya Bawa ya kaɗe riga ya fita ko sallama babu.

Da ya shigo cikin gida na tare shi. Na ce, "Malam, Yaya bai yi ƙarya ba. Nonona ya fara ɗaukewa. Dubi wuyan yarinyar nan."

Ya karɓi Bintu ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "Hajara, na ga yunwa a wurin yaƙi, irin wadda ba na so in kwatanta miki. Waɗanda suka kai labari su ne masu hanyar fita su nemo. Ki yi mini haƙuri kaɗan."

Na ƙyale shi, amma raina bai so ba.

Washegari ya bi unguwarmu gida gida. Ya ce duk mai abin sayarwa ya kawo, shi zai kai kasuwar Batsari, daga can ya wuce kudu ya sayo hatsi inda yake da sauƙi, ba ya son ladan komai sai na man babur. Wani ya kawo akuya, wata ta kawo zanen aurenta. Ni na sauke kwanonin jerena gaba ɗaya. Ya ɗaure su da roba ya tafi yana azumi. Da ya dawo, babur ɗin har ya zauna don nauyi, buhun masara a baya, na garin rogo a kan tanki.

A tsakar gidanmu aka yi rabo. Matar Yaya Bawa, da muke ce wa Goggo, ita ta riƙe tiya don ita ce babba, kowane gida gwargwadon bakunan da ke cikinsa, har da gidajen da ba su da abin kawowa. Ran nan aka ji ƙarar turmi a unguwar bayan an daɗe ba a ji ba. Muka haɗu wuri ɗaya muna surfe, wadda hannunta ya mutu ta miƙa wa 'yar'uwarta taɓarya, don babu mai ƙarfin gama turmi ita kaɗai. Mu da muka tashi da gero da dawa, tuwon masara bai yi mana daɗi ba da farko, amma yara sun kwanta ba kuka.

Haka ya riƙa zuwa yana dawowa. Wata tafiyar sai muka ji shiru, ranar dawowarsa ta wuce. Na kasa zaune na kasa tsaye. Kashegari da azahar, rana na tsakiyar ka, sai ga shi daga nesa yana turo babur ɗin da buhuna a kai. Sarƙa ce ta tsinke masa bayan Runka, ya ƙi barin kayan mutane a hanya, ya ƙi barin babur. Leɓɓansa sun tsage sun yi fari, ƙafar nan mai tabo yana janta a ƙasa. Yaya Bawa, wanda tun ranar zaure bai yi masa magana ba, shi ya fara isa wurinsa. Ya kwance buhunan da hannunsa, ya zaunar da shi a inuwa, ya ɗebo ruwan da ya ajiye na buɗa bakinsa ya zuba masa a ƙafafu. Bai ce masa komai a kan maganar da ta wuce ba, shi ma Kofur bai nema ba.

Aka yi salla ba ruwa. Bayan salla ne gudawa ta kama Bintu. Dama jikin ba ƙwari, nan da nan idanunta suka faɗa, maɗigarta ta lotsa. Goggo ta yi jiƙo, aka yi rubutu, abin sai gaba yake. Da safe Kofur ya dube ta ya ce, "Goya ta. Asibitin Katsina za mu."

Ban taɓa yin nisa haka a kan babur ba. Hanyar yashi ce da duwatsu, gonaki hagu da dama duk ja wur, ga mushen shanu a bakin hanya. Ina jin zafin jikinta a bayana, ina jin ɗan numfashinta a wuyana. Muka wuce Batsari muka kama hanyar Katsina. Can sai na ji ta yi mini nauyi. Na kai hannu na taɓa ƙafarta. Na ce, "Malam, tsaya."

Ya tsaya a gindin wata aduwa. Ya kwance ta daga bayana, ya kara kunne a ƙirjinta, ya daɗe. Sannan ya shafe mata ido, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Yadda hannunsa ya yi abin na gane ba yau ya fara ba. Ya tuɓe babbar rigarsa ya naɗe ta, ya miƙo mini. Muka juya. Ban taɓa ganin ya yi tuƙi a hankali kamar na ran nan ba, yana kauce wa kowane rami kamar mai tsoron kada ta farka.

Ba a yi mako da binne ta ba ruwa ya sauka. Ya zo da ƙarfi, da tsawa, ya cika kowane tulu. Maza suka fita da sungumi a guje, ana shuka ruwa na dukansu. Ina tsaye bakin ɗaki na ga Kofur ya ɗauki ƙwaryar iri ya fita, kansa a ƙasa. Damina ta yi gajarta, abin da aka samu wake ne da ɗan gero, amma ya kai mu. A unguwarmu yunwa ba ta kashe babba ko ɗaya ba. Yara dai an rasa, har da tamu.

Babur kuwa ya lulluɓe shi da buhu a zaure, bai ƙara kallonsa ba har kaka. Sai da naƙuda ta tsaya wa matar wani maƙwabcinmu, mijin ya zo yana kuka, sannan ya yaye buhun.

Shekaru suka yi ta tafiya. Babura suka cika ƙauye, shi ya koya wa yawancin samari tuƙi da gyara, ba ya karɓar ko sisi. Ya saya wa Sani sabo, amma shi yana nan da jansa. An canza masa kusan komai in ban da tanki. Gemunsa ya yi fari fat, Yaya Bawa ya rasu, jikoki suka gaji wurin 'ya'ya a kan tankin.

Sai ga wannan zamani. Da, in aka ji ƙugin babur daga nesa, yara ke rugawa tarye. Aka wayi gari in an ji shi daga wajen daji sai uwa ta suri ɗanta. 'Yan bindiga a kan babura suke zuwa, da yawa, su kore shanu, su ɗauki mutane. Kofur yakan zauna a zaure ya yi tagumi. Wata rana ya ce mini, "Abin da na yi ta ceton rai da shi, dubi abin da aka mai da shi."

Ranar da suka zo mana, damina ce, ana noman farko, gero ya kai gwiwa. Da hantsi muka ga hayaƙi ya turnuƙe daga ƙauyen da ke yamma da mu, muka ji harbi. Gari ya watse, kowa ya kama hanyar Ruma a ƙafa. Kofur ya ɗora ni da ƙananan jikoki ya kai mu, ya sauke, ya juya. Sani ya riƙe masa hannu.

"Baba, don Allah ya isa. Bari ni in je."

"Kai in sun gan ka ɗauke ka za su yi. Ni me za su yi da tsoho? Goggonku na can, ba ta iya tafiya."

Ya kawo Goggo. Ya sake komawa ya kawo wata mai jego. Ya sake juyawa, muna kiransa bai waiwayo ba. Azahar ta wuce. Sai da la'asar muka hango shi a ƙasa, yana jan ƙafa, jini ya bushe a gefen kansa, ba babur.

Sau ɗaya ya ba ni labarin. Ya ce 'yan bindigar sun tare shi a kwanar shiga gari, yara ne, wasu ba su kai jikanmu na fari ba. Ɗaya ya ce, "Tsoho, kai ne mai kwashe mana mutane?" Ya buga masa gindin bindiga. Suka dubi babur ɗin suka yi ta dariya, suka ce ko kyauta ba sa son wannan gwangwani. Suka buɗe tanki suka ƙyasta ashana, suka sa shi ya tsaya yana kallo har ya cinye. Can ya ce, "Hajara, yaran nan sun iya tuƙi. Na ga yadda suke karya kwana a cikin yashi. Da a hannuna suka tashi..." Bai ƙarasa ba.

Daga Ruma muka dawo Batsari, wani ɗan'uwa ya ba mu ɗakuna. Da farko Kofur yakan je rumfar masu gyaran babur ya zauna, suna girmama shi, suna tambayarsa. Daga baya ya daina fita. Abinci sai an yi da gaske. Babu wani ciwo da likita ya kama, jikin ne kawai ya yi ta zubewa. Wata rana da yamma ina ba shi kunu sai ya ture kofin.

"Mun baro Bintu can ita kaɗai," in ji shi.

Na ce, "Malam, tana wurin da ya fi nan."

"Kina ganin da na ba da babur ɗin nan a shekarar, kika ci kika ƙoshi tun da wuri, da ta rayu?"

Tun rasuwarta bai taɓa ɗaga maganar ba sai ran nan. Na ce, "Kwananta ne ya ƙare." Abin da ya kamata in faɗa ke nan, kuma gaskiya ne. Amma ni ma na sha yi wa kaina tambayar, har yau ban samu amsa ba.

Ya rasu da bazara, ranar wata Alhamis da safe, kansa a cinyar Sani.

Unguwar da muke duk 'yan gudun hijira ne. In babura suka shigo a jere, mata sai su kwashi yara su yi cikin ɗaki, wasu har su suma. Mutanen ƙauyuka sun san haka, don su ma haka suke. Da labari ya kai Ruma da Runka da Safana, sai suka taho jana'iza, waɗanda ya koya wa gyara, da waɗanda ya taɓa kai iyayensu asibiti, da waɗanda ban ma san su ba. Ina zaune cikin mata sai babbar 'yata ta ce, "Inna, zo ki gani." Na leƙa ta tsagar ƙofa.

Tun daga bakin unguwa kowa ya kashe injinsa ya sauka. Ga su nan tafe a cikin rana, samari da masu furfura, kowa na tura nasa da hannu, layi har inda idona ya tsaya. Ban taɓa ganin babura da yawa haka ba, kuma ban ji ƙugin ko ɗaya ba, sai ƙas-ƙas ɗin sarƙa da takun ƙafa a kan yashi. Ko yaro ɗaya bai firgita ba. Suka jingine su a jikin katanga, suka yi alwala, suka ɗauke shi a kafaɗa.